Awa Biyar da Rabi a Bakin Ƙofar Ɗaki Na Huɗu

Gidan da ƙofofinsa

Gidan yari ne a wani gari na Arewa, ginin zamanin Turawa, wanda aka yi ta yi wa ƙari ba tare da an taɓa tsohon sashensa ba. Ni ke kula da gyare-gyare a cikinsa: famfo, wuta, rufi, ƙofofi. Ina da mai walda ɗaya da fursunoni uku masu koyon sana'a a hannunmu.

Tsohon sashen ɗakuna shida ne a jere, duk suna kallon gabas. Kowane ƙyaure na baƙin ƙarfe ne, tsawonsa mita 2, faɗinsa santimita 90, nauyinsa ya kusa kilo 120. Yana rataye a kan hinji uku da aka toshe kawunansu da walda don kada a zare su, kuma waje yake buɗewa, wajen baranda. A tsakiyarsa akwai 'yar tagar miƙa abinci mai leɓen ƙarfe, sama da ita sanduna. Ɗaki na huɗu an gina shi don mutum goma sha biyu. A lokacin da nake magana mutum 31 ke kwana a ciki, yawancinsu masu jiran shari'a.

Makullin ƙofar irin na Ingila ne, mai liba. Duk wanda zai fahimci abin da ya faru sai ya san cikinsa. Akwai sakata mai kauri, wadda muke kira harshe, ita ke fita ta shige ramin da ke jikin firam. A kan hanyarta akwai wasu siraran ƙarafa a jere, su ne liba, kowace da tsaga a jikinta da ɗan sifirin da ke danne ta ƙasa. Haƙoran ɗan makulli ke ɗaga kowace liba daidai tsayin da aka yanka mata, tsagogin su yi layi ɗaya, sannan harshen ya sami hanyar komawa. Robert Barron ne ya fito da wannan tsari a Ingila a 1778, Jeremiah Chubb ya inganta shi a 1818, kuma har yau gidajen tsaro da yawa na amfani da shi saboda ƙarkonsa. Abin lura shi ne ɗan makullin aiki biyu yake yi a juyi ɗaya: ya ɗaga liba, ya kuma ja harshe. Idan wani abu ya danne harshen, duk ƙarfin da aka sa a kan haƙorin ɗan makulli yake ƙarewa.

Disamba zuwa Maris: alamun da aka gani

A tsakiyar Disamba, hunturu na kaɗawa, gandiroban da ke buɗin safe ya rubuta a littafin aiki cewa makullin ɗaki na huɗu ya yi tauri. Kafin labari ya iso gare ni wani ya riga ya ɗura masa baƙin mai daga janareta. Kwana biyu ya yi laushi, kowa ya ji daɗi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, domin baƙin mai da ƙurar hunturu idan suka haɗu dagwalo suke zama, kuma a cikin akwatin makulli ba su da hanyar fita.

A Janairu aka sake rubutawa. Na je da kananzir da sirinji na wanke cikinsa har ruwan da ke fitowa ya daina baƙi, na gwada sau uku, ya juya sumul. Ƙofar a buɗe take lokacin da na gwada. Ban rufe ta na gwada ba. Na sa hannu a littafi cewa an gyara.

A Fabrairu da Maris ba a sake rubuta komai ba, saboda ma'aikata sun samo wa kansu dabara. Mai buɗewa zai sa ƙafa a gindin ƙyauren ya ɗan tokare shi sama, ko ya bangaje shi da kafaɗa, sannan ya murɗa. Wani kuma ya riƙa zura ƙusa mai inci shida a zoben ɗan makullin don ya sami ƙarfin juyawa. Sabon ma'aikaci idan ya zo, haka ake koya masa: ɗaki na huɗu sai da ƙafa. A ƙasan simintin baranda kuma wani zane ya fara bayyana, kamar rabin baka, inda gefen ƙyauren ke gogar ƙasa. Kowa na taka shi kullum, har da ni.

Afrilu, ƙarfe 7:10 na safe

Ranar Talata ce, cikin azumi, bazara ta yi tsanani. Mai buɗewa ranar baƙo ne a sashen, daga wani sashe aka aro shi. Ya zura ɗan makulli, ya juya kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ya cije. Ya koma baya ya sake, haka. Aka miƙo masa ƙusar nan. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: haƙorin ɗan makullin ya ɓalle a ciki, sandar ta fito a hannunsa.

Na iso ƙarfe 7:30. Sauran ɗakuna biyar sun fito, sun yi wanka, suna tsakar gida. Mutum 31 na ɗaki na huɗu tun ƙarfe 5 na yammacin jiya suke kulle, bokitin bayan gida ya cika, kuma a cikinsu akwai wani dattijo mai ciwon asma. Hannaye sun fito ta sanduna. Babba a cikin mutanen ɗakin, wanda suke kira shugaba, ya matso da bakinsa kusa da taga ya ce da ni, “Oga, mu dai za mu iya haƙuri, amma Baba numfashinsa ya fara sarƙewa.” Aka kira ma'aikacin jinya ya miƙa maganin shaƙa ta tagar abinci, aka jawo tiyo daga famfo don su jiƙa jiki da tsummoki. Aka ce su matsar da dattijon kusa da ƙofa inda iska ta fi shiga.

7:30 zuwa 11:00: abin da aka gwada

Na farko shi ne fitar da guntun da ya karye. Na karya tsohon bakin zarton yanka ƙarfe, na goge shi ya sirance, na zura ta gefen ramin na maƙalo guntun da haƙoran zarton, na kama shi da siririyar filaya. Minti arba'in ya ci. Wannan kam ya yi nasara, kuma ba don shi ba da babu abin da zai yiwu daga baya.

Ɗan makulli na biyu yana cikin sef a ofishin shugaban gidan, ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Ya iso 8:25. Na fesa WD-40, man nan na gwangwani mai sassauta ƙarfen da ya cije, na jira, na zura. Ya juya zuwa daidai inda na farko ya tsaya, ya ƙi gaba. Na ji a yatsuna cewa liba sun ɗagu, domin akwai wata 'yar sassauci da hannu ke ji idan sun hau layi, amma harshen ko gezau. Shugaban gidan ya ce a ƙara ƙarfi. Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan shi ne na ƙarshe. In ya karye sai an je hedikwata.” Ya yarda, aka zare shi.

Daga nan aka koma ga ƙarfi. Guduma da kurfi aka fara sawa a jikin akwatin makullin, da nufin girgiza ta saki abin da ya maƙale. Kowane bugu sai ƙarar ta cika ɗakin kamar an rufe mutum a cikin ganga, na ciki suka fara ihu a daina. Minti goma sha biyar, babu canji.

Sai wani ya kawo doguwar sandar ƙarfe mai faɗin baki, aka cusa tsakanin ƙyaure da firam, mutum uku suka danna. 'Yan kwana-kwana a Amurka suna da irin wannan sanda da aka ƙera musamman don ɓalle ƙofa, wadda wani jami'insu na New York mai suna Hugh Halligan ya fito da ita a 1948, kuma tana aiki sosai a kan ƙofar gida, inda firam ke lanƙwasa har harshe ya zame daga raminsa. Ƙofar ɗakin fursuna an yi ta ne don ta ƙi wannan. Firam ɗin a cikin kankare yake, harshen kuma ya shiga ciki fiye da santimita 3. Abin da muka samu kawai shi ne leɓen firam ya ɗan lotsa ciki, daidai saitin harshen, ya ƙara matse shi.

Ƙarfe 9:50 aka yanke shawarar a yanka. Mai walda ya kawo giranda, wato injin yanka ƙarfe, aka tada janareta. Tsakanin ƙyaure da firam babu sararin da dutsen yanka zai isa ga harshen, don haka ya fara daga hinjin sama. Cikin daƙiƙa kaɗan tartsatsi ya fara faɗawa ciki ta sanduna da ta ƙarƙashin ƙofa. A ɗakin akwai katifun soso, da tabarmin leda, da kayan sawa rataye a igiya, ga dattijo mai asma kwance a bakin ƙofar, ga hayaƙin ƙarfe da tsohon fenti. Wani tsumma ya fara hayaƙi, aka taka shi. Na sa aka kashe injin. Ko da an ci gaba, hinji uku ne, kuma bayan an yanke su ƙyaure mai kilo 120 zai rage a rataye a kan harshen kaɗai, ba wanda ya san ta wane gefe zai faɗi.

Rana kuma tana ta dukan ƙofar tun fitowarta. Ƙarfe yana ƙara tsawo da zafi: mita 2 na baƙin ƙarfe idan zafinsa ya ƙaru da digiri 20 yakan ƙara kusan rabin milimita. Ba wani abu ba ne a ƙofar da ke da sarari, amma tamu ba ta da ko kaɗan. Ma'aunin zafi na ɗakin jinya ya nuna 41 kafin ƙarfe 11. Mutum biyu a ciki suka karya azumi bisa shawarar ma'aikacin jinya. Aka fara maganar a fasa bango ta baya.

11:00 zuwa 12:40: abin da ya buɗe ta

Wani tsohon sajan ne ya tuna da wani dattijo a cikin gari, wanda ya yi shekaru yana gyaran makullan gidan kafin ya yi ritaya. Aka aika babur. Ya zo da 'yar jaka ta buhu, ya yi sallama, ya gaisa da na ciki ta sanduna kafin ya gaisa da mu.

Bai taɓa makullin ba. Ya tsuguna ya bi zanen nan na siminti da yatsa. Ya miƙe ya dubi saman ƙyauren: ta gefen hinji tsakaninsa da firam babu wurin zura takarda, ta gefen makulli kuwa ɗan yatsa na shiga. Ya sa tafin hannu a bango kusa da hinjin sama, inda siminti ya yi 'yar tsaga, ya murza, gari ya zubo. Sannan ya juyo gare ni.

“Ɗana, wa ya ce maka makullin ne?”

Na ce, “Baba, ai shi ne ya ƙi juyawa.”

Ya ce, “Ƙofar ce ta zauna a kansa. Ku samo mini jak na mota.”

Bayaninsa gajere ne. Ƙyauren ya sunkuya ta gefen makulli, don haka harshen ya daina shiga raminsa a sake. Ƙasan harshen ya kwanta a kan leɓen ramin, wani kaso na nauyin ƙofar ya koma kansa. Abin da ƙafar ma'aikata ke yi wata uku ke nan ba tare da sun san sunansa ba: suna ɗauke wa harshen kaya na daƙiƙa ɗaya.

Aka ciro jak mai ɗaukar tan 2 daga motar kai fursunoni kotu. Ƙarƙashin ƙofar ba shi da sararin da zai shiga, sai dattijon ya sa aka yanko katako mai ƙwari, aka tsayar da shi daga kan jak zuwa ƙarƙashin leɓen tagar abinci, can gefen da ya fi kusa da makulli, aka shimfiɗa faffaɗan ƙarfe a ƙasa don kada siminti ya fashe. Ya zana layi da alli ya ratsa ƙyaure da firam. Ya ce na ciki su ja da baya, kada wanda ya jingina. Mai walda na bugun jak a hankali, shi yana kallon alli, ni ina riƙe da ɗan makulli da yatsu biyu kamar yadda ya umarta, ba murɗawa, taɓawa kawai.

A milimita 2 babu komai. A wajen 4 ƙofar ta yi wata 'yar ƙara, ɗan makullin ya wuce inda yake tsayawa, ya sake cijewa a rabi. Wannan lotsawar da sandarmu ta yi ce. Dattijon ya karɓi kurfi, ya sa bakinsa a leɓen firam, ya ba shi bugu huɗu marasa ƙarfi ta waje, ya sa aka ƙara wanke cikin makullin da kananzir. Wannan ya ɗauki fiye da rabin awa, domin bai yarda a gaggauta ba. Da na sake taɓawa sai na ji harshen ya taho kamar ana zare cokali daga kunu. Ƙarfe 12:40 ne.

Aka fara fito da dattijo mai asma a kan tabarma zuwa ɗakin jinya, ya kwana biyu can ya warware. Sauran suka fito ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa, rigunansu sharkaf.

Makonni shida da suka biyo baya

Mun sauke ƙyauren washegari, a nan muka auna nauyinsa. Sandar hinjin sama ta cinye kusan milimita 3, ta tsakiya rabin haka, ƙafar da ke riƙe hinjin sama a bango kuma tana motsi. Muka sauya sandunan, muka sa wasa, wato siririn zobe, na tagulla a ƙarƙashin kowane hinji, muka fasa bango muka sake dasa ƙafar da sabon kankare. Da muka kwance makullin, babu liba ko sifirin da ya karye. Dagwalon mai ne cike, da wani santsi mai sheƙi a ƙasan harshen inda ya yi wata da watanni yana goga. Muka wanke, muka busar, muka sa garin baƙin fensir, wanda ba ya kama ƙura. An hana zuba kowane irin mai a makulli, an kuma ƙwace ƙusar.

Da muka bi sauran ƙofofin biyar, biyu sun fara sunkuyawa, ta biyu da ta shida.

Sannan aka haɗa akwatin gaggawa. A cikinsa akwai jak, da katakon da aka yanka daidai tsayin tagar abinci, da faffaɗan ƙarfe, da siraran maƙalai na ciro karyayyen ɗan makulli, da filaya, da sirinji, da kwalbar kananzir, da garin fensir, da alli, da tocila, da bargo biyu na jiƙawa. Giranda da sandar ɓalle ƙofa suna cikin akwati na dabam mai hatimi, ba a buɗe shi sai da izinin shugaban gidan, kuma sai an kwashe katifu daga bakin ƙofa an rataya jiƙaƙƙen bargo ta ciki, da abin kashe gobara a hannu. Duka biyun a ƙofar shiga suke, wajen harabar fursunoni, domin kayan da ke buɗe ƙofa don ceto su ne dai kayan da ke buɗe ta don gudu. An zana siffar kowane abu da fenti a gindin akwatin, ta yadda idan ɗaya ya ɓata ido zai gani nan take, kuma ana ƙirga su a kowane canjin aiki.

Na nemi bayani kan abin da ake amfani da shi a wasu ƙasashe. A gidajen yarin Ingila akwai jak na musamman mai aiki da matsin mai, wanda ake kafawa a firam ya tura ƙofa ciki idan fursuna ya tokare ta daga ɗaki. A asibitocin masu taɓin hankali kuma ana yin ƙofofi masu leɓen firam da ma'aikaci zai iya kwancewa daga waje ƙofar ta buɗe ta ɗaya gefen. Dukansu an yi su ne don ƙofar da ke buɗewa ciki. Tamu waje take buɗewa, don haka da an kashe kuɗi an sayo wancan jak ɗin, da a akwati zai zauna.

Yanzu ranar ɗaya ga kowane wata ina gwada kowane makulli sau biyu, ƙofa a buɗe da ƙofa a rufe, in duba layin fenti da muka ja a kan kowane ƙyaure da firam ɗinsa. Mun yi atisaye sau biyu a ɗakin da babu kowa. Na farko minti 22 daga busa usur zuwa ɗaga ƙofa, na biyu minti 9.

Hukunci

Laifi mafi girma nawa ne, kuma a Janairu aka yi shi. Makullin da ke juyawa a buɗe ya cije a rufe ya riga ya faɗa maka cewa ciwon a jikin ƙofa yake, gwajin kuma bai fi minti ɗaya ba. Na biyu shi ne dabarar ƙafa. Ma'aikatan da suka ƙirƙiro ta sun gano ainihin matsalar kafin kowa, amma da yake ta yi musu aiki sai ta kashe rahoto, ilimin ya tsaya a ƙafafun mutum huɗu ko biyar har ranar da aka aro wanda bai sani ba.

A ranar kanta, daga cikin awa biyar da rabi, kusan awa biyu da rabi sun tafi a kan guduma, sanda da giranda. Ba su matsar da harshen ko milimita ɗaya ba, sandar ta ƙara mana rabin awa na gyaran ɓarnarta, girandar kuma ta kusa jawo abin da ya fi kullewar muni. An ɗauko su ne saboda su ke kusa, kuma mutum idan yana jin ihun mutane a bayan ƙarfe yana so a gan shi yana bugun wani abu. Na fahimci wannan, ni ma na riƙe gudumar. Amma tsarin da ya dace shi ne a duba, a ɗauke nauyi, a wanke, a gwada a hankali, yanka ya zo ƙarshe.

Abin da ke hana ni barci shi ne lissafin lokaci. Mun sami awa biyar da rabi ne saboda zafi kawai muke yaƙi da shi. A gidan yarin Comayagua na ƙasar Honduras, a Fabrairun 2012, gobara ta kashe fiye da mutum 350, da yawansu a bayan ƙofofin da ba a sami buɗewa da wuri ba. A tsohon gidan yarin jihar Ohio a birnin Columbus na Amurka, a Afrilun 1930, fiye da 300 suka mutu a irin wannan hali. Hayaƙin katifar soso a rufaffen ɗaki mintuna kaɗan yake ba mutum, kuma minti 9 ɗinmu na atisaye, da rana tsaka, kowa a shirye, bai isa ba.

Na rubuta takarda ina neman abu biyu: na'urar buɗa ƙarfe mai matsin mai irin ta 'yan kwana-kwana, wadda ba ta tartsatsi, da kuma a rage mutanen tsohon sashen, domin ƙofar da ake buɗewa a rufe sau da yawa a rana saboda mutum 31 ba za ta yi ƙarkon wadda aka yi wa lissafin mutum goma sha biyu ba. An karɓi takardar, ana jiran amsa. A gwajin watan jiya layin fentin ƙofa ta biyu ya goce da milimita 1, na sa ta a aikin makon nan.